In An Ce Kwamfutar Da Ka Aika Gombe Ta Ƙi Aiki

Daga Wakilinmu na Arewa, Gombe

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Kurmi, musamman na Ikko, in Allah ya hore musu 'yan kuɗi, su kan shiga kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Alaba su sayi na'ura su ɗora a motar dare zuwa gida. Wani domin ƙanensa ne da ya buɗe shagon buga takardu, wani kuwa domin yaran gida masu karatu. Kafin mako ya zagayo sai waya ta biyo baya daga Gombe, a ce saƙo ya iso lafiya amma kwamfutar ta ƙi aiki. In aka bi ba'asi sai a tarar tana tashi garau, tana rubutu, har kallo a ke yi da ita. Abin da ta ƙi kawai shi ne ta buɗe foldar da ke cikin tsohuwar kwamfutar shagon, inda a ke tara aikin jama'a. Daga nan sai zargi ya shiga tsakani. Na gida ya ce an sayo masa mataccen gwanjo, na Ikko ya ce na gida ne bai iya ba, ko kuwa ya kama hanyar Ikeja da rasit a hannu zai yi rigima da mutumin da bai cuce shi ba.

To, jama'a, a irin wannan hali da wuya a ce ƙarfen ne ya lalace. Galibi ko dai kwamfutocin biyu sun ɓace wa juna adireshi, ko ɗaya ta rufe ƙofa, ko kuwa ba su jin yaren juna. Duk waɗannan kuwa ana warware su ba tare da an kwance ko da kusa ɗaya ba.

Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba 1996 aikin takarda ya yawaita a garin. An buɗe Jami'ar Jihar Gombe a Tudun Wada cikin 2004, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha, ga kuma ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Kashere, wadda aka kafa a 2011, da ba su rabuwa da shigowa gari. Duk wanda ya bi ta Tudun Wada ko Jekadafari ko Pantami zai ga ƙananan shaguna, kowanne da kwamfuta uku ko huɗu, da firinta guda, da injin hoton takardu a lungu. A gidaje ma haka abin ya fara zama: tebur guda a falo, yara kuwa kowa da tasa ta ɗorawa a cinya.

Abin da masu dabara su ke yi shi ne su ware folda guda a kwamfuta ɗaya su buɗe ta ga sauran. Manomi zai gane wannan da sauri. Kowace kwamfuta tana da gayaunarta, amma foldar nan ita ce rumbun gandu, kowa a nan ya ke zubawa, a nan ya ke ɗiba. Yaron da ya buga wa ɗalibi babi na ɗaya da safe, in ya tafi cin abinci, ɗan'uwansa zai iya buɗe aikin daga tasa kujerar ya ci gaba, ba sai an yi ta yawo da filasha daga wannan zuwa waccan ana kwasar ƙwayoyin cuta ba. A Windows foldar ta kan fito kamar wani faifai na dabam mai harafi, misali Z. Wannan shi mu ke nufi da ɗaura folda. Ranar da ɗaurin ya kwance kuwa, sai ka ga jan kuros a kan harafin, ɗalibi na tsaye da jakarsa gobe zai miƙa aiki, mai shago na share gumi.

Bari mu kau da wani kuskure tun da wuri. Wannan aiki ba ya bukatar data. Ko da kuɗin intanet sun ƙare ƙarƙaf, muddin rawuta tana kunne, watau ɗan akwatin nan mai ƙahoni da ƙananan fitilu, to kwamfutocin gida za su iya ganin juna. Saboda haka in an bugo maka waya an ce a turo kuɗin data domin folda ta buɗe, ka san ba nan gizo ke saƙa ba.

LAMBAR ƊAKI

Wuri na farko da za a duba shi ne adireshi, kuma a Gombe nan ne matsalar ta fi yawa, saboda wuta. Mutanen garin ba su manta da watan Afrilun 2024 ba, lokacin da ɓata-gari suka lalata turakun babban layin lantarki na Jos zuwa Gombe, aka yi makonni cikin duhu. A watan Oktoba na shekarar kuma aka sake yin wani duhun da ya game yawancin Arewa fiye da mako guda. Mai shago dole ya dogara da janareto ko sola, kuma a yini guda ya kan sauya wuta sau da dama. Kowace sauyawa kuwa, rawuta ta mutu ke nan ta sake tashi.

Ita rawuta aikinta kamar na maigidan masauki ne a unguwar Sabo ta Badun. Duk na'urar da ta yi sallama sai ta ba ta lambar ɗaki, irin 192.168.1.20 ko 192.168.0.5. Lambar nan aro ce, ba mallaka ba. Wasu rawutocin, musamman masu araha, in wuta ta ɗauke su kan manta wa suka ba wane ɗaki. Da wuta ta dawo, wayar yaron shago da ke aljihu ta riga kowa sallama, sai a ba ta ɗakin da babbar kwamfuta ta ke ciki jiya. Sauran kwamfutocin kuwa suna can suna ƙwanƙwasa tsohon ɗaki suna neman rumbu, alhali wayar salula ce a ciki. A nan ne Windows ta kan fito da saƙo mai lamba 0x80070035, wanda ma'anarsa ita ce ba a sami hanyar ba.

Gane wannan ba shi da wuya. A je kwamfutar da foldar ke cikinta, a buɗe baƙin allon nan na ba da umurni, a rubuta ipconfig, za ta faɗi lambarta ta yau. A yi haka a ɗaya kwamfutar ma. In rawuta guda su ke kai, kashi uku na farkon lambar za su zo daidai, na ƙarshe ne kaɗai zai bambanta. In aka ga ɗaya tana 192.168.1 ɗaya kuwa tana 192.168.8, to ba gida ɗaya su ke ba, wataƙila sabuwar ta maƙale ne a waifai na wayar wani ko na maƙwabci. In kuwa lambar ta fara da 169.254, wannan kwamfuta ba ta sami maigidan masaukin ba sam, ita ta laƙa wa kanta lamba. Sai a duba kebul, ko an tsinke shi, ko ɓera ya ci, ko bakinsa ya saki.

In lambobi sun daidaita, sai a danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta lambar babbar kwamfutar da karan nan biyu masu jingina a gabanta, kamar haka: \\192.168.1.20. In foldar ta buɗe, magana ta ƙare, adireshi ne. Maganin dindindin shi ne a shiga shafin rawuta a keɓe wa babbar kwamfuta lamba guda wadda ba za a ba kowa ba, sa'an nan a sake ɗaura foldar da wannan lamba. Ana iya rubuta lambar da hannu a cikin kwamfutar ma, amma fa a zaɓi wadda ke wajen jerin da rawuta ke rabawa, kada a wayi gari baƙi biyu a ɗaki ɗaya.

Akwai kuma jan kuros na ƙarya. Kwamfuta ta kan riga rawuta tashi, ta nemi rumbu ba ta gani ba, ta sa alama. Bayan minti biyu in aka latsa harafin sai ya buɗe sumul. Haka nan in babbar kwamfuta ta yi barci domin an daɗe ba a taɓa ta ba, ba za ta amsa wa kowa ba. A hana ta barci a lokacin aiki.

Wani abin da ke ruɗa tsofaffin hannu shi ne, da can in ka buɗe jerin kwamfutocin gida sai ka ga kowa da sunansa. Yanzu ya kan zo wayam. Dalili kuwa, tsohon tsarin da ke tattara sunayen ya tafi, kuma a 2018 kamfanin Microsoft ya cire abin nan da a ke kira HomeGroup daga Windows 10. Rashin ganin suna a jeri ba ya nufin ba a iya shiga. A gwada da lamba tukuna.

ƘOFA DA MAKULLI

In adireshi daidai ne amma shiru, sai a duba ƙofa. Zancen folda ta ƙofa mai lamba 445 ya ke bi, kuma Windows ba ta buɗe ta sai ta amince cewa a gida ta ke. Duk sabon waifai da ta gani, ta fi ɗaukarsa tamkar na tasha ko otal, ta rubuta masa "Public", ta ja ƙyaure. In aka canja rawuta, ko aka ɗauki babbar kwamfuta aka kai ta wani layin, sai a mai da wurin ya koma "Private", a kuma kunna raba fayil. Wasu masu gyara su kan kashe katangar tsaron gaba ɗaya domin su huta. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne, ba ma a shagon da kowane mai zuwa a ke ba shi kalmar sirrin waifai ba. Yawancin rawutoci suna da layin baƙi na dabam, wanda ke ba da intanet amma ya hana ganin na'urorin gida. Shi ya kamata a ba masu zuwa. Sai dai a lura, in sabuwar kwamfutar ce aka ɗora a layin baƙin bisa kuskure, ita ma ba za ta ga rumbu ba har abada.

In kuwa ƙofa ta buɗe aka ce maka ba ka da izini, to an zo kan makulli. Sunan da a ke tambaya da kalmar sirrinsa na babbar kwamfuta ne, ba na wadda ka ke zaune a gabanta ba. 'Yan lambobin nan huɗu ko shida da a ke buɗe kwamfuta da su da safe ba su ne kalmar sirri ba, a kan na'urar kaɗai su ke aiki. Sunan da ba shi da kalmar sirri kuwa, tun zamanin Windows XP ba a barinsa ya shigo daga nesa. Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙirƙiri suna guda musamman domin rumbun, a sa masa kalmar sirri mai kyau. Sa'an nan a tuna makullin biyu ne, ɗaya a shafin "Sharing" ɗaya a shafin "Security", in aka buɗe ɗaya aka bar ɗaya aikin banza aka yi. In an taɓa canja kalmar sirri kuma, ƙaramar kwamfuta ta kan riƙe tsohuwar ta yi ta miƙawa, sai an shiga "Credential Manager" an share ta.

Ga inda sabbin kwamfutocin Ikeja su ke shan zargi. Windows 11 irin Pro, tun fitowar da aka yi wa laƙabi da 24H2 a ƙarshen 2024, ba ta yarda ta shiga folda a matsayin baƙuwa marar suna, kuma tana neman kowane saƙo ya zo da hatimi. Shagon da ya yi shekaru rumbunsa a buɗe ba makulli, tsofaffin kwamfutoci na shiga na fita, sai ga sabuwa ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi. Ba lalacewa ta yi ba. Ana iya tilasta mata ta sassauta, amma ni a ganina gara a sa wa rumbun makulli, domin takardun mutane ne a ciki, har da hotunan fasfo da takardun shaidar haihuwa.

YAREN DA AKA DAINA

Yaren da kwamfutoci ke yin wannan hulɗa da shi sunansa SMB. Wani ma'aikacin kamfanin IBM, Barry Feigenbaum, shi ya fara tsara shi a 1983. Aka fito da na biyu tare da Windows Vista a 2006, na uku kuma tare da Windows 8 a 2012. In na'urori biyu suka gamu, su kan zaɓi mafi sabunta da dukansu ke ji. Windows 7 tana jin na biyu, saboda haka ta nan ba ta da matsala da sababbi. Windows XP kuwa na farko kaɗai ta sani. Haka ma yawancin tsofaffin injunan hoton takardu na gwanjo masu aika sikanin kai tsaye cikin folda, da wasu rawutoci masu ramin cusa filasha.

Abin da ya kashe yare na farko ya faru ne ranar 12 ga Mayu 2017. Wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wata kafa da ke cikinsa ta mamaye kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Ba sai mutum ya latsa kome ba, da kanta ta ke tsallakawa daga wannan na'ura zuwa maƙwabciyarta ta ƙofar nan 445, ta kulle fayiloli, ta nemi fansar dala 300. A Ingila sai da asibitoci suka soke ganin marasa lafiya wajen 19,000. Alhali kuwa tun watan Maris na shekarar Microsoft ya fitar da abin toshe kafar, mutane ne ba su sa ba.

Daga ƙarshen 2017 Microsoft ya fara janye wannan yare daga Windows 10. A wasu ire-irenta ma an bar shi, amma in aka yi kwana 15 ba a yi amfani da shi ba sai ya cire kansa. Shi ya sa za ka ji mai shago na rantsuwa cewa abu na aiki lafiya, ya tafi ƙauye biki ya dawo ya tarar ya daina, kuma ba wanda ya taɓa. Gaskiyarsa ce.

Har yanzu ana iya mai da shi da 'yan latse-latse kaɗan, kuma shi ne abin da mai gyaran gaggawa zai yi ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Nan take injin hoton zai ci gaba da aika sikanin. Amma a yi tunani. Kwamfutocinmu na gwanjo da yawa ba a taɓa sabunta su ba saboda tsadar data, wasu ma kamfanin ya daina kula da su: XP tun Afrilun 2014, Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020. Buɗe tsohon yare a cikin irin wannan taro, an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. In injin hoton yana da ramin filasha, a yi sikanin a kai a ɗauka da hannu. In kamfaninsa ya fitar da sabuwar manhajar ciki mai jin yare na biyu, a sa a ɗora masa. In kuwa abincin gidan ya dogara da shi kuma babu wata hanya, to a buɗe a kwamfuta ɗaya tak wadda aka sabunta, kada ta zama ita ce mai rumbun, kuma kada baƙo ya hau layinta.

Ɗaliban kimiyyar kwamfuta masu amfani da Linux su ma abin bai bar su ba. Manhajar Samba, wadda Andrew Tridgell na Ostireliya ya fara a 1992, ita ke sa Linux ta yi hulɗa da Windows, kuma ita ma ta rufe yare na farko tun fitowarta ta 4.11 a 2019. In Linux ta ce kuskure mai lamba 13, makulli ne. In ta ce 112, watau wai ɗaya na'urar a mace ta ke alhali ga ta a kunne, sau da yawa yare ne bai zo ɗaya ba. Wanda kuma ya rubuta foldar a cikin fstab domin ta ɗauru da kanta, ya ƙara _netdev da nofail, ko x-systemd.automount, don kada na'ura ta tsaya jiran rumbu tun rawuta ba ta farka ba.

Kalmar da ya kamata na Kurmi ya ji tsoro a waya ita ce fomat. In aka ce mai gyara ya ce sai an yi wa babbar kwamfuta fomat, a ce ya dakata. Wanke kwamfuta ba ya gyara adireshi, ba ya koya wa injin hoto sabon yare, amma yana iya tafiya da aikin ɗalibai na shekara guda in ba a kwashe ba. Rumbun gandu kuwa ba ajiya ta biyu ba ce. Faifai ɗaya ne, in ya ƙone kowa ya yi hasara. Har ila yau, fayil ɗin da aka share daga wata kwamfuta ta hanyar ɗaurin nan ba ya faɗawa kwandon shara, ɓacewa ya ke yi. A sayi faifan waje a riƙa kwafa a kai duk Jumma'a, a cire a sa a aljihun tebur.

Mai shirin aiko da na'ura gida, kafin ya biya, ya bugo waya ya tambayi wace Windows ce a kan tsofaffin, kuma ko akwai injin hoto mai aika sikanin. Ya tambayi mai sayarwa wace ce a kan sabuwar, Home ce ko Pro. Ya sani kuma Microsoft ya daina sabunta Windows 10 kyauta ga kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025, kuma tsofaffin na'urorin gwanjo da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, ko da an ɗora musu ita da dabara. In matsala ta taso bayan saƙo ya isa, kada a tsaya ana kwatance da baki, a ce na gida ya ɗauki hoton saƙon da ya fito a allo da wayarsa ya turo, tare da lambobin kwamfutocin biyu.

A cikin kwalin kuma a jefa doguwar kebul guda domin babbar kwamfuta, don kebul ya fi waifai riƙe amana, da ɗan akwatin batir na UPS, ko ƙaramin nan da a ke yi musamman domin rawuta. Ita ba ta cin wuta da yawa, ƙaramin batir zai riƙe ta har a tada janareto.